Abincin Gonarmu da Abincin Kanti: Wanne Za Mu Riƙe, Wanne Za Mu Saya?

(Wannan shi ne jawabin da ma'aikacin sashenmu na raya karkara ya gabatar a taron wakilan ikkilisiyoyin ƙauyuka da aka yi a Kano gab da kaka. Mun buga shi domin a karanta wa jama'a bayan sujada da kuma a taron Zumuntar Mata.)

Mun san waɗansunku sun baro gero a gona yana jiran yanka, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba. Maganar da ta tara mu ita ce maganar tukunya: abin da muke nomawa, abin da muke sayarwa, da abin da muke sayowa mu sa a bakin 'ya'yanmu.

HANYA ƊAYA, KAYA IRI BIYU

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Dawanau, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, ya fuskanci hanyar Katsina, zai ga motoci suna kai da kawowa. A can gaba akwai kasuwar Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, wadda aka kafa a 1985, ana kuma lissafta ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Geronmu da dawarmu da masara da wake da gyaɗa can suke taruwa. Daga can ake lodi zuwa Legas da Fatakwal, zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Riɗi da zoɓo kuwa har ƙetaren teku suke zuwa.

Motar da ta kawo buhunan ƙauyenmu ba ta komawa fayau. Takan biya ta kasuwar Singa ko Sabon Gari ta ɗauko katan-katan na taliya, da fulawa, da sukari, da tumatirin leda, da dunƙulen magi, da man girki na jarka. Ranar kasuwar ƙauye sai mu saye su da kuɗin hatsin da muka sayar. Wannan ciniki shi muke so mu duba tare yau, mu ga inda muke cin riba da inda ake cin ribarmu.

ABINCIN KANTI YANA DA NASA AMFANI

Gaskiya ɗaya ce, sai mu fara da ita. Ba lalaci ne ya sa matanmu suke dafa taliya ba. Kafin tuwon dawa ya kai ga akushi, sai an yi sussuka, an yi shiƙa, an surfa, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an nemo itace. Duk wannan a wuyan mace yake, ita ce kuma ta yini a gona tare da mijinta. Taliya kuwa ana ɗora ta ake saukewa, itacen da take ci kaɗan ne. A garin da itace ya zama na saye, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maigidan da yake faɗan an daina yi masa tuwo irin na mahaifiyarsa, ya fara tambayar kansa yaushe rabon da ya kawo dami ɗaya na itace gida.

Na biyu, akwai abin da masana'anta take sa wa abinci wanda gonarmu ba ta bayarwa. Dattawanmu sun tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu garuruwa a da. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, cutar kuwa ta ragu ƙwarai. Tun 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki na kamfani, domin kare yara daga dundumi da raunin jiki. Saboda haka gishirin leda mai hatimi ya fi gishirin da ake aunawa a buɗe, ko da ya ɗan fi tsada.

Na uku, a cikin kowace ikkilisiya akwai waɗanda ba su da gona ko ba su da ƙarfin noma: gwauraye, marayu, tsofaffi, malamin makaranta mai jiran albashi. Su kam duk abin da za su ci saye ne. Ranar da abinci ya yi arha, ranar suke barci da daɗi. Kada mu manta da su a cikin wannan magana.

ABIN DA ARHA TAKE ƁOYEWA

To, amma Hausawa sun ce arha ba ta ado. Akwai kuɗin da ba a rubuta a jikin leda ba, daga baya ake biyansa.

Farashin abincin kanti ba a garinmu ake yanka shi ba. Taliya da burodi da gurasa daga alkama suke, mafi yawan alkamar da ake ci a ƙasar nan kuwa daga waje ake shigo da ita da dalar Amurka. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu na 2022, alkama ta yi tsada a duniya, muka ji a jikinmu, alhali yawancinmu ba mu san inda ƙasashen suke ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin mota ya hau, fulawa ta hau. A watan Fabrairu na 2024 mata masu gurasa a cikin birnin Kano suka fito zanga-zanga domin buhun fulawa ya fi ƙarfin jarinsu. Gidan da ya saba da taliya har ya rage noman gero, a wannan lokaci ya rasa tudun dafawa. Gidan da yake da dami a rumbu, ko an sha wuya, an kwana da abu a ciki.

Sai maganar gina jiki. Taliyar yara ta leda tana cika ciki, yara kuma suna sonta, amma yawancinta gari ne da mai da gishiri. Ku kwatanta ta da ɗanwake, ko dambun zogale da ƙuli-ƙuli, ko kunun gyaɗa, ko tuwo da miyar kuka mai daddawa. Wake da gyaɗa da waken suya su ne naman talaka, su suke gina tsokar yaro. Abin baƙin ciki shi ne a ga uwa ta sayar da tiyar wake da ƙwan kajinta domin ta sayo biskit da lemon kwalba, tana ganin gata ta yi wa yaron. Ku tuna da Isuwa a Littafin Farawa sura 25, wanda ya ba da matsayinsa na ɗan fari saboda kwano ɗaya na abinci, domin yunwar wannan sa'a ta rufe masa ido.

Ku duba kuma abincin da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda yake cikin 'yar leda. Da za ku buɗe ku ɗanɗana, za ku ji gyaɗa ce aka niƙa, aka haɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A Faransa aka fara haɗa shi a 1996, ya kuma ceci yara masu yawa. Mun gode wa Allah dominsa. Amma abin tunani ne a ce gyaɗar da muka sayar da kaka, irinta ce ake ba ɗanmu a gadon asibiti da damina.

Dunƙulen magi ma haka. Wajen rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Idan aka jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunya, aka kuma ƙara gishiri, an wuce gona da iri, hawan jini kuwa ya riga ya shigo ƙauyukanmu. Daddawar kalwa tana ba miya ɗanɗano, tana kuma ƙara mata abin gina jiki.

Akwai kuma sana'ar mata. Mai daddawa, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai awara, mai fura, mai turara shinkafa, da wannan sana'a suke sayen sabulu da littafin makaranta, da ita suke ba da baiko ranar Lahadi. Idan ka sayi kwalbar man gyaɗa a gidan maƙwabciyarka, kuɗin zai je wurin mai injin niƙa, ya je wurin tela, ya dawo wurinka ranar da ka kai kaza kasuwa. Idan ka sayi na jarka, kuɗin ya hau mota ya bar garin a ranar. Kano ta san wannan labari. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta ɗaga garin har aka riƙa jera dalar gyaɗa da duniya ta sani. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya noman, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Ƙasar da take sayar wa duniya gyaɗa ta koma sayen man girki daga waje.

NAMU MA YANA DA GYARA

Kada mu yabi namu mu rufe ido ga aibinsa. Mutanen birni da suke gudun shinkafa 'yar gida suna da hujja: tsakuwa. Wanda ya taɓa fasa haƙori a kan loma ba ya mantawa. Shanya a kan ƙasa ko a bakin titi ita take kawo wannan. Shinkafar Kura da ta bi ta injin cire tsakuwa ba ta jin kunyar zama kusa da kowace 'yar waje.

Abu na biyu ya fi tsakuwa haɗari, domin ba a ganinsa. Gyaɗa da masarar da aka tara da danshi suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da guba da ake kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana hana yara girma. Sau da yawa mukan tsince gyaɗa mai kyau mu kai kasuwa, mu bar ruɓaɓɓiyar a gida a yi wa yara ƙuli-ƙuli. Wannan sai mu daina shi daga bana. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da maganin da ake kira Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Ku tambayi malamin gona a kansa.

Abu na uku shi ne zuba fiya-fiya da makamantansa a cikin wake domin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Abin da Bature ya ƙi ci, mu da 'ya'yanmu muka ci gaba da ci. Wanda ya zuba guba a buhu ya kai kasuwa, bai san wanda zai saya ba, amma Allah ya sani, maƙwabcin da aka umarce mu mu ƙaunata kuma shi ne mai sayen. Ga hanya mai sauƙi: buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Idan wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu ba tare da magani ba. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf shi ma yana yin wannan aiki.

Tumatir kuma ya isa misali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Kadawa da Kura da Bunkure suke noman rani. Lokacin ɗiba kwando yakan faɗi har manomi ya bar shi ya ruɓe a bakin hanya, bayan 'yan watanni kuma tumatir ya gagari talaka, sai na leda, wanda yawancin markaɗensa daga ƙasar Sin ake kawowa. A 2016 aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, a shekarar kuma tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki, kamfanin ya yi ta tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Darasin shi ne kada mu zauna jiran babban kamfani. Iyayenmu sun san kauɗa. A yanka tumatir a shanya a kan tabarma ko gado mai tsabta, nesa da ƙura da awaki, zai kai mu damina.

DARIYAR WANI, KUKAN WANI

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Manoman shinkafa suka sami kasuwa, injinan casa suka ƙaru a Kano, amma mai saye ya ji jiki. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya sauko, mai saye ya yi hamdala, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa ya rasa yadda zai mai da kuɗinsa.

Waɗannan mutum biyu a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. Ɗaya yana addu'a hatsi ya yi daraja, ɗaya yana addu'a ya sauko. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne: da kaka shi mai sayarwa ne, a watan Yuli da Agusta ya zama mai saye. Ya sayar lokacin da kowa yake sayarwa, farashi yana ƙasa, domin bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar Kirsimeti. Ya dawo ya sayi irin hatsin nan da tsada lokacin da rumbu ya ƙare, aikin gona kuma ya yi yawa. Ribar da ke tsakani tana wurin mai sito a Dawanau. Ba mu zarginsa, ya yi abin da ya kamata mu yi ne: ya ajiye.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga ƙarshen wannan hanya. Bayan fari da fara na 2004, yunwa ta kama ƙasar a 2005. Jihar Maraɗi, wadda take cikin masu noma ƙwarai, tana cikin inda yara suka fi kamuwa da tamowa. Akwai hatsi a kasuwa, amma talaka ya riga ya sayar da nasa, farashi kuma ya fi ƙarfinsa. A can Nijar ɗin akwai dabarar da ƙungiyoyin manoma suke yi wadda ta dace mu koya. Da kaka sukan tara buhunansu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba su rance. Su karɓi rancen su biya bukatun kaka, ko su yi kiwo da 'yar sana'a. Bayan watanni, in sun biya, a buɗe sito kowa ya ɗauki kayansa lokacin da ya yi daraja.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A Farawa sura 41, shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna ita ce a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi a ajiye. Allah ya nuna abin da ke zuwa, amma mutane ne suka gina rumbunan. A Ayyukan Manzanni sura 11 kuma, da masu bi na Antakiya suka ji yunwa tana tafe, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya.

ABIN DA MUKE ROƘO KU KAI GIDA

1. Kafin a kai buhu ko ɗaya kasuwa, maigida da uwargida su zauna tare su lissafta abin da gidan yake ci daga kaka zuwa kaka, a ware shi. Uwargida ce ta san yawan tiyar da take aunawa kullum, saboda haka a saurare ta.

2. A ware wake da gyaɗa da waken suya na yara tun da fari. Mai kyau ne na gida. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ba mutum, kada a ba dabba.

3. Kowace ikkilisiya ta kafa rumbun hatsi daga baikon godiyar kaka. A zaɓi kwamiti mai maza da mata, a sa kwaɗo biyu, a rubuta kome a littafi, a karanta lissafi a gaban jama'a. Da damina a sayar da rangwame, ko a ba da rance a biya da kaka. A ware rabon gwauraye da marayu. Maƙwabcinmu Musulmi in ya zo da bukata, kada a mai da shi hannu wofi, gama yunwa ba ta tambayar addini.

4. A daina zuba maganin ƙwari a abincin da za a ci. Ikkilisiyoyin da ke kusa da juna su haɗa kuɗi su sayo buhunan PICS a sari.

5. Zumuntar Mata ta duba sana'ar da za ta ɗaga: daddawa, man gyaɗa, garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa, kauɗa, busasshen zogale. A yi da tsabta, a ƙulla da kyau. Matasa su yi tunanin injin niƙa ko na matsar gyaɗa na haɗin gwiwa, domin a rage wa iyayenmu mata wahala.

6. A taron ikkilisiya, da biki, da zumunta, mu fara sayen abin da 'yan'uwanmu suka noma. Kunun zaƙi da zoɓo ba su gaza lemon kwalba ba.

7. Abin da ya kamata a saya a kanti a saya da kwanciyar rai: gishiri mai aidin, sukari daidai gwargwado, taliya ranar da aiki ya yi yawa. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kaya. A rage dunƙule, a ƙara daddawa.

8. Kada a sare ɗorawa da kuka da ke gona. Kowane gida ya dasa zogale a bayan ɗaki.

'Yan'uwa, ba mu ce ku juya wa kasuwa baya ba. Manomi yana bukatar kuɗi, kasuwar Dawanau kuma albarka ce da Allah ya ajiye kusa da mu. Roƙonmu shi ne mu shiga kasuwa da rarar abin da muka noma, bayan mun cika rumbu, a lokacin da mu muka zaɓa. Ma'aikatanmu za su zagaya gundumomi bayan an gama girbi domin su zauna da kwamitocin da kuka kafa, su nuna yadda ake ɗaure buhun ajiya da yadda ake riƙe littafin rumbu. Muna roƙon kowane fasto ya aiko mana da sunayen 'yan kwamitinsa kafin Lahadin godiyar kaka.

Bari Ubangiji, wanda yake ba da ruwa a kan kari, ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba mu hikimar ajiya da zuciyar rabawa, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Cikin sunan Yesu. Amin.